Ɗakin da Aka Hana wa Rana Shiga

Tun ranar da kalmar "mahaifa" ta shigo cikin zancen auren ɗanta, Hajiya ta daina kiran Barkono da "'yata". Ta koma "yarinyar nan", da tafiya ta yi nisa kuma ta zama "ita mai ɗinkin".

Barkono ba sunan yanka ba ne. Marigayi mahaifinta ne ya laƙaba mata shi tun tana rarrafe, saboda ko kukan yunwa za ta yi sai ta yi shi da tsiwa. Sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta gidan miji, ya biyo ta shagon ɗinkin da ta buɗe a bakin layinsu bayan mijin ya rasu. Direban babbar mota ne, hatsari ya ɗauke shi tun ba su gama sanin halin juna ba, bai bar mata ɗa ba.

Bayan takaba ne aka yi mata gwajin bakin mahaifa, aka ga wani abu. Likita ta ce ba kansa ba ce, amma hanyar kansa ce, kuma gara a tare ta tun tana nesa. Aka yanke ɗan wurin, ta warke, ta koma kan keken ɗinkinta, ta ɗauka an wuce wurin.

A lokacin ne Injiniya ya shigo rayuwarta. Mai gyaran wayar wutar lantarki ne, amma duk layin Injiniya ake ce masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Soket guda aka kira shi ya duba a shagon, ya share wata yana dubawa. Kullum in ya hau tsani sai ya kwance 'yan ƙusoshi, ya miƙo hannu ƙasa ya ce, "Riƙe min." Aljihunsa huɗu, duk lafiyarsu ƙalau. Ita ma ta sani, amma haka take barin ɗinki ta zo ta tsaya gindin tsanin da tafi a buɗe, tana yi masa tsiya a kan aikin da ba ya ƙarewa.

Manya sun shiga maganar, ana shirin sa rana, sai gwajin bibiya ya nuna abin ya dawo.

Umma, mahaifiyarta, ta ce a rufe. Ciwon mace ai ba tallarsa ake yi ba, in an ɗaura sai a san abin yi. Barkono ta ce ita ba za ta shiga gidan mutum da ƙunshi a bayan zane ba. Ranar da yamma ta zaunar da Injiniya a kan bencin kwastomomi ta gaya masa komai, tana jiran ya tuna yana da aiki a wani wuri. Bai tuna ba. Washegari ma shi ya raka ta asibiti.

Hanya biyu Likita ta shimfiɗa musu. Ko a sake yankewa kamar na farko, sai dai duk yanka yana rage bakin mahaifa, kuma bakin da aka rage sau biyu yakan gaza riƙe ciki, a yi ɓari ko a haifi bakwaini. Ko kuma a yi aikin haske: a sa mata wani magani ta jini, ya taru a gurɓataccen wurin, a haska shi da wata jar fitila, ƙwayoyin su mutu ba tare da an cire nama ba. Sharaɗinsa shi ne ta ɓuya wa rana na 'yan makonni, domin maganin yana sa fata ta ƙone ko da hasken taga ne. Ta ƙara da cewa sai ta sake leƙawa da kyau kafin ta ce wanne ya dace.

Wannan jimlar ta ƙarshe Injiniya bai ji ta ba. Daga inda aka ce fitila kunnensa ya tsaya. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan waya da ƙwan lantarki, a ce masa haske ne zai warkar da wadda yake so, ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Daga asibitin bai zame ko'ina ba sai gaban Hajiya, mahaifiyarsa, ya yi mata bayani da hannu da ƙafa, ya rantse mata cewa wuƙa ba za ta ƙara taɓa yarinyar ba. Bai tambayi Likita ba, bai tambayi mai jikin ba.

Hajiya ba muguwa ba ce, kuma duk wanda ya ce muguwa ce bai san ta ba. Shi kaɗai Allah ya bar mata, jika kuma take so tun gwiwarta na iya goyo. Ta gama saurara, sannan ta yanke magana ɗaya.

"In haske ne, na amince. In aka sake yanka ta, ba da yawuna ba."

Da Barkono ta ji alkawarin da aka ɗauka da sunanta, ranta ya sosu, amma ta haɗiye, domin ita ma hasken take so. Wace mace ce za a ba ta zaɓi tsakanin wuƙa da fitila ta ce wuƙa? Da hannunta ta auna tagogin ɗakinta guda biyu, ta sayo baƙin yadi mai kauri, ta ninka shi biyu ta ɗinke. Injiniya ya zo ya kafa ƙarafan labulen, ya cire farin ƙwan ɗakin ya sa wani mai dishi-dishi, ya toshe har 'yar kafar da ke saman ƙofa. Yana aiki yana fito. Da ya gama, ko tsakar rana ce in ka shiga sai ka lalubi bango.

Ranar leƙawa ta ƙarshe ita kaɗai ta je. Likita ta daɗe a kan madubin dubawa fiye da yadda ta saba, ta canza zama, ta sake dubawa. Barkono tana kwance tana kallon silin, tun kafin a yi magana jikinta ya ba ta.

Da ta gyara zanenta ta zauna, Likita ta zana mata da biro a bayan hannunta. Wurin ya daina tsayawa a waje inda ido ke gani, ya shige cikin hanyar mahaifa, kuma ba ta ganin ƙarshensa. Abin da ba ta ganin ƙarshensa, ba ta da tabbacin haske zai kai gare shi. Ga kuma wani abu: in an yanke, ana kai naman ɗakin gwaji a tabbatar babu kansa ɓoye a ƙasa, in kuwa haske ne, babu abin da za a kai.

"Likita, ki bar kwana-kwana. In ƙanwarki ce ni, me za ki ce?"

"Zan ce a yanke. Amma jikinki ne, ba nawa ba."

"Haihuwa fa?"

Likita ta ce ba a rufe ƙofar ba. Mata da yawa sun haihu bayan yanka na biyu, wasu sai an ɗaure musu bakin mahaifa da zare in ciki ya fara nauyi, wasu kuma sun rasa. Ba za ta yi mata alkawarin abin da ba a hannunta yake ba.

Barkono ta dubi zanen biron, ta tuna baƙin labulen da ta ɓata yini tana ɗinkawa, ta tuna fiton Injiniya. Hawaye ya taho, ta mayar da shi. Ta ce a sa mata rana.

Labari a gidansu ba ya kwana. Kafin ta cire takalmi Umma ta fara, kuma da Mai Kemis ta fara, domin dama shi ne ɗan takararta. Mai Kemis dattijo ne mai kantin magani a kan kwanar layin, matarsa ta rasu ta bar masa yara, kuma tun Barkono na takaba yake aiko da gaisuwa da sinƙin maganin ƙarin jini. Har ya aiko a gaya mata cewa shi ko mahaifar gaba ɗaya za a cire bai dame shi ba, 'ya'ya yana da su. Umma ta ce wannan shi ne so, ba na yaron da uwarsa ke riƙe da linzaminsa ba.

"Umma, shi wancan ba ya son mahaifata don ya ƙoshi, Hajiya tana sonta don tana jin yunwa. Ni da nake ɗauke da ita babu wanda ya tambaye ni ko na karya."

Umma ta ce bakin nan nata shi zai hana ta zaman aure. Barkono ta ce to ai da shi aka haife ta, kuma shi ba a ce za a yanke ba.

Da la'asar Injiniya ya same ta a shago tana farke wata riga da ba ta yi laifin komai ba. Ta gaya masa ba tare da ta ɗago ba. Ya zauna a kan bencin kamar an zare masa laka, ya cire hula ya riƙe.

Da farko roƙo ya yi. Ya ce a gwada hasken mana, in bai yi ba sai a yanke daga baya. Ta ce daga bayan nan shi take tsoro, domin abin da ke ciki ba zai zauna yana jiran Hajiya ta sauko ba. Ya ce a je wurin wata likitar. Ta ce ya je, in ya samu wadda ke gani har bayan kwana, ya kawo ta.

"Na rantse mata, Barkono. Da bakina na rantse."

"Da bakinka, a kan jikina."

Nan idonsa ya kawo ruwa, ita ma nata ya ƙi jin magana. Ya ce bai taɓa saɓa wa Hajiya ba tun da ya yi wayo, ita ta yi masa uwa ta yi masa uba. Ya ce in ya rasa Barkono bai san inda zai sa kansa ba, ko wayar wuta ya riƙe sunanta yake ji. Ta ce tana sonsa, ta faɗa masa a fili, son da ba ta yi wa marigayi ba don ba a ba su lokaci ba. Amma ba za ta mutu don a ce ta mutu da cikakkiyar mahaifa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ya daɗe yana murza hular. Can ya ɗago, fuskarsa ta ɗan washe irin ta wanda ya gano inda waya ta tsinke, kuma tun daga washewar ta san ba alheri.

Dabarar tasa mai sauƙi ce. Yankan nan ba ya barin tabo a waje, ranar ake sallamar mutum. Ɗaki kuwa ga shi an riga an shirya. Ta je a yi mata aikin, ta dawo ta shige duhu ta yi 'yan makonninta. Hajiya ta zo dubiya ta ga labule, ta ga fitila mai dishi-dishi, shi ke nan, wa zai gaya mata? Ko Likita ba ta da ikon faɗa.

"Wato in kwanta a duhu ina jinyar maganin da ba a sa min ba."

"Na ɗan lokaci ne. In an ɗaura, an ɗaura."

"In ciki ya zo aka ce sai an ɗaure ni da zare fa? Ka ce mata me, fitilar ce ta kwance ni?"

Ya ce in an je gadar a haye. Ta ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Ya ce wannan ba ƙarya ba ce, rufin asiri ne. Da maganar ta isa gida, Umma da ba ta taɓa yaba wa Injiniya ba ta ce yau dai yaron nan ya yi hankali. Suka taru a kanta, wannan ya ja nan, wannan ya ja can, ita kuma ga fargabar asibiti ta cika mata ciki. Ta yi shiru don ta gaji, su kuma suka ɗauki shirun a matsayin amsa.

Aka yi aikin da safe. Bai daɗe ba, zafinsa ma bai kai tsoronsa ba. Likita ta ce an kai naman gwaji, sakamako sai ya fito, ta guji ɗaukar kaya masu nauyi da taka keke. Da azahar tana gida, Umma ta tura ta ɗaki ta ja ƙofa.

Barkono ba ta san tana son rana ba sai da aka hana ta. Tana jin masu talla suna wucewa, tana jin yara sun taso daga makaranta, ita tana kwance kamar kayan da aka ɓoye wa mai shi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne kyan ɗinkin. Ko ɗigon haske labulen ba ya bari, domin ita ba ta iya aikin ha'inci ba, ga shi an ɗauki aikin nata ana ha'inci da shi. Injiniya yana zuwa kullum ya tsaya bakin ƙofa ya tambayi jiki, ita kuma ta amsa masa da kalma ɗaya.

Ana cikin haka Hajiya ta zo, da hantsi, rana ta take sosai. Injiniya ne ya kawo ta. Barkono ta ji Umma a tsakar gida tana zuba bayani, wai Likita ta ce ko hasken waya kada ta kalla da yawa, har da ƙarin gishirin da ba a sa ta ba.

Hajiya ta shigo tana lalube, ta ce a rufe ƙofar da sauri kada haske ya biyo ta. Barkono ta yunƙura za ta durƙusa, Hajiya ta dafe ta.

"Kwanta, 'yata. Kwanta abinki."

Kalmar ta daki Barkono a ƙirji. Rabonta da jin ta tun kafin ciwon ya dawo.

Tsohuwar ta zauna a bakin gado, ta buɗe jakarta ta fito da tsaraba: baƙin tabarau, safar hannu, da wata babbar lema. Ta ce ta tambaya an ce mata ko bayan an fito sai an yi kaffa-kaffa, don haka da kanta ta shiga kasuwa. Injiniya yana tsaye jikin ƙofa, Umma na gefensa tana ta godiya.

Sai Hajiya ta kamo hannun Barkono ta riƙe, ta yi ƙasa da murya, ta fara faɗin abin da ko ɗanta bai taɓa ji ba. Kafin ta same shi ta yi ɓari har ta daina gaya wa mutane in ta samu ciki. Duk sai sun yi motsi, sai ta fara ɗinka 'yan riguna, sannan su zube. Na ƙarshensu har ya yi kuka sau ɗaya. Ta ce ba ƙin Barkono take yi ba, ba ta son ta ga wata mace ta bi wannan hanyar a cikin gidanta, ba ta kuma da sauran zuciyar da za ta sake wanke 'yar rigar da ba a sa ba.

"Da na ji kin zaɓi zaman duhun nan don ki tsare wa ɗana zuriya, na ce wannan 'ya ce. Ki yafe min abin da na riƙa kiranki."

Hawayen tsohuwar ya ɗiga a bayan hannun Barkono. Da zagi ta zo da shi, da Barkono ta iya kwanciya ta shanye, har ta ji daɗin yaudararta. Amma matar nan ta kwance mata cikinta, ta nemi gafararta, a kan abin da bai faru ba. Kunya ta rufe ta, bayan kunyar kuma fushi ya taso, fushin Injiniya da na Umma da na kanta da ta yi shiru. Ta hango ranar da za ta kwanta a asibiti da ciki ana neman zare, wannan matar tana tsaye tana tambayar dalili.

Ta zare hannunta a hankali, ta sauko da ƙafafunta.

"Ina za ki?" in ji Umma, muryarta ta canza.

Barkono ta miƙe. Ta dafa bango ta isa tagar gabas, ta kama labulen da hannu biyu ta yaye shi har ƙarshen ƙarfen.

Rana ta faɗo ɗakin gaba ɗaya, ta sauka a fuskarta da wuyanta da hannayenta. Kowa ya runtse ido. Kafin wani ya motsa, Hajiya da ke kukan ciwon gwiwa ta riga ta tashi, ta fizge mayafinta ta lulluɓe Barkono da shi, ta tsaya tsakaninta da tagar tana salati, tana cewa a ja labulen, yarinya za ta ƙone.

Wannan ne ya karya Barkono. Ta yi kuka a cikin mayafin, mai ƙamshin turaren tsofaffi, kukan da ta hana kanta tun a ofishin Likita. Sannan ta sauke shi zuwa kafaɗa, ta miƙa hannunta cikin ranar, ta juya shi ciki da bai.

"Ba zan ƙone ba, Hajiya. Ba a sa min maganin ba. Yanka aka yi min."

Umma ta fara cewa zafin ciwo ne ke sa ta sambatu, Barkono ta ce Umma ta bari haka. Ta gaya wa Hajiya yadda abin ya shige inda haske ba ya kai, da abin da Likita ta ce game da haihuwa, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Ta ce mai yiwuwa ta haihu, mai yiwuwa ta bi hanyar da Hajiya ta bi, Allah kaɗai ya sani.

"Ni na zaɓa, ba a tilasta ni ba. Ko yau aka mayar da ni can, shi zan sake zaɓa. Ina son ɗanki, ina son in haifa miki jika, amma sai ina da rai zan goya shi. In za ki karɓe ni, ki karɓe ni da yankana. In ba za ki iya ba, ba zan riƙe ki a zuci ba. Abin da ba zan yi ba shi ne in ci 'yata' a bakinki da ƙarya."

Hajiya ba ta dube ta ba. Ta juya a hankali wurin ɗanta, kanta babu mayafi, furfurarta ta leƙo ta gefen ɗankwali.

"Kai, ka sani?"

Barkono ta dube shi ita ma. Ta san yana da hanyar tsira, ya ce shi ma yanzu yake ji, kuma Umma ba za ta tona shi ba.

"Ni na ƙulla, Hajiya. Ita ta ƙi tun farko."

"Ka bar ni na zauna ina tona mata 'ya'yana da na binne."

Hajiya ta tattara jakarta, ta bar tabarau da lemar a kan gado. Barkono ta cire mayafin daga kafaɗarta, ta ninke shi yadda take ninke kayan kwastoma, ta durƙusa duk da ciwon da ke cizon mararta, ta miƙa da hannu biyu. Tsohuwar ta karɓa, ta yafa. Ta nufi ƙofa.

A bakin ƙofar ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Na faɗi magana tun farko, ban janye ba. Taso ka kai ni gida."

Umma ta zube a bakin gado ta dafe kai, tana cewa shi ke nan, ta kashe aurenta da bakinta, sai ta zuba ruwa a ƙasa ta sha. Barkono ta miƙe da ƙyar ta jingina da bango a cikin ranar. Ba ta roƙe shi ba, ba ta ko kira sunansa ba. Ta riga ta sa a ranta cewa in ya bi uwarsa ba za ta ga laifinsa ba, za dai ta yi kukanta ta koma kan kekenta.

"Hajiya, zan kai ki," in ji Injiniya. "Zan kai ki har ɗaki, in durƙusa ki yi min duk hukuncin da kika ga dama. Amma ni na kafa abin nan, sai na sauke shi. Kuma gobe nan zan dawo."

Ya jawo kujerar da ke gaban madubi zuwa ɗaya tagar, wadda har yanzu ke rufe. Ya hau, ya zaro sukundireba daga aljihun gaba, ya sa a ƙarfen labulen. Hajiya tana tsaye a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa, ba ta fita ba, ba ta kuma dawo ba.

Ƙusar farko ta kwance. Ya riƙe ta da yatsu biyu, ya miƙo hannu ƙasa ba tare da ya duba ba.

"Riƙe min."

Barkono ta share fuskarta da bayan hannu, ta tako a hankali ta wuce ta gaban Hajiya, ta tsaya gindin kujerar, ta buɗe tafinta.